Ra'ayin Jarida: A Sauko Da Darasin Awo Daga Kan Allo Zuwa Hannun Ɗalibai

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ɗora wa gwamnatoci a Najeriya nauyin bai wa kowane yaro ilimi kyauta kuma dole na tsawon shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wannan na nufin aji uku na ƙaramar sakandare shi ne zango na ƙarshe da hukuma ta yi alkawarin kai kowane ɗan ƙasa. Daga nan hanya take rabuwa. Wasu su zarce babbar sakandare, wasu su nufi shagon tela ko na kafinta, wasu garejin gyaran mota, wasu gona, wasu kasuwa. Don haka duk abin da ƙasa take ganin bai dace ɗanta ya shiga duniya babu shi ba, wajibi ne ya kasance a hannunsa kafin ya bar wannan aji. Bayan karatu da rubutu da ƙidaya, babu abin da ya fi cancantar shiga wannan sahu kamar iya awo, wato sanin tsawo da faɗi da nauyi da lokaci da yawan abin da mazubi yake ɗauka, ta hanyar amfani da ma'auni.

Babu wanda zai ce an manta da awo a manhajar karatu. Hukumar NERDC, wadda ke da alhakin tsara manhajar, ta sanya shi a darasin lissafi da na kimiyya da fasaha, kuma yana ɓullowa a darasin noma da na tattalin gida. Matsalar tana wajen yadda ake koyar da shi. A makarantun gwamnati da dama, har da wasu masu zaman kansu da ke karɓar kuɗi masu tsoka, darasin awo a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa. Malami ya rubuta cewa santimita 100 ne mita ɗaya, giram 1,000 ne kilo ɗaya, ɗalibai su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Ɗalibin da ya ci wannan jarrabawa da maki mai kyau, idan aka miƙa masa tef aka ce ya auno tagar ajinsu, sai ya tsaya yana tunanin ko daga sifili ake farawa ko daga ɗaya. Idan aka tambaye shi ko ƙofar ajin za ta kai mita biyu ko mita biyar, ba shi da madogara, domin mita a wurinsa kalma ce kawai, bai taɓa taka ta da ƙafa ko ya kama ta da hannu ba.

Awo aikin hannu ne da ido, kamar tuƙa keke ko ɗinki, kuma ba a koyon irin waɗannan da sauraro. Mai awo yana buƙatar ya san ma'aunin da ya dace da abin da ke gabansa, ya san inda zai ɗora shi, ya karanta ƙananan layukan da ke tsakanin lambobi, ya maimaita don tabbatarwa, sannan ya kasance da kintace a ransa wanda zai faɗakar da shi idan lambar da ya samu ta saɓa wa hankali. Duk waɗannan sai an yi, an kuskure, an gyara, sannan suke zama.

Abin da rashin wannan ƙwarewa yake jawowa yana taɓa aljihun kowane magidanci. Mudun da ake auna hatsi da shi a wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, kuma kowa ya san labarin kwanon da aka lotsa gindinsa. Lokaci zuwa lokaci hukumar NMDPRA takan rufe gidajen mai saboda tauye lita. Famfon da ke rage lita ɗaya a cikin kowace goma yana cinye wa mai mota lita huɗu a duk lokacin da ya biya kuɗin lita 40. Mai sayen iskar gas yana biyan kuɗin kilo 12.5, amma ƙalilan ne suke duba nauyin tukunyar da aka buga a jikinta, su ɗora ta a sikeli kafin zubawa da bayan zubawa. Tauye mudu abu ne da addini da al'ada suka yi tir da shi, doka kuma ta haramta, sai dai jami'an sa ido ba za su taɓa isa kowane shago ba. Mai sayen da ya iya awo shi ne jami'in da ba ya barin kasuwa.

A fannin lafiya kuwa, maganar ta wuce ta kuɗi. Maganin ruwa na yara da mililita ake auna shi, sau da yawa gwargwadon nauyin yaron, kuma cokalin shayi na awo mililita 5 ne, alhali cokulan da ke gidaje kowanne da girmansa. Garin gishiri da sukari na masu gudawa yana da adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardarsa. Idan ruwan ya yi kaɗan, haɗin yakan yi ƙarfi har ya cutar da yaron da ake son ceta. Haka manomi da ke goye da famfon feshi: an rubuta masa yawan maganin da hekta ɗaya take buƙata, amma idan bai san girman gonarsa ba, ko dai ya ƙona shuka, ko ya yi feshin da ba zai kashe ciyawa ba. A duka biyun ya yi asara.

Ma'aikatan da ke Abuja sun fi kowa sanin yadda maganar fili take. Dillalai da ƙafa suke ciniki, su ce hamsin da ɗari ko ɗari da ɗari, takardun hukuma kuwa da murabba'in mita ake rubuta su. Fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba. Mutane da yawa, har da masu digiri, suna ɗaukar fili mai ƙafa 50 da 50 a matsayin rabin mai ƙafa 100 da 100, alhali kwatansa ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa kimanin 4,047, wato hekta ta ninka eka kusan sau biyu da rabi. Wanda ke musanya sunayen biyun a bakinsa zai iya biyan kuɗin hekta a miƙa masa eka, ya yi godiya. A wurin gini ma haka abin yake. Rodi mai milimita 10 da mai milimita 12 sun yi kama a ido, amma ƙarfen da ke jikin na farko bai kai kashi 70 cikin 100 na na biyun ba. Ƙasar da ke fama da rugujewar gine-gine ba za ta raina milimita biyu ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi teburin ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Kowace takardar kwangila cike take da awo: kilomitar hanya, kaurin kwalta, zurfin rijiyar burtsatse, girman aji, litar tankin ruwa. A ɗauki hanya mai faɗin mita 7.3 wadda aka rubuta za a shimfiɗa mata kwalta mai kaurin santimita 5. Idan ɗan kwangila ya zuba santimita 4, ya rage kashi ɗaya cikin biyar na kwaltar, wato kubik mita 73 a kowace kilomita, kuma ranar buɗe hanyar babu wanda zai gane da ido. Tun shekarar 2019 hukumar ICPC take bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma a cikin tawagoginta akwai masana ƙididdigar kayan gini, saboda ba a gane aikin da aka tauye sai an auna. Jami'in da ke sa hannu a takardar kammala aiki, da hadimin da ke rubuta wa maigidansa rahoton ziyarar gani da ido, dukansu sun taɓa zama a ƙaramar sakandare. Idan a can ba su saba da tef ba, da wuya lambobin da ke cikin fayil su yi musu magana.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne Najeriya tana rayuwa da ma'aunai iri uku a lokaci guda. A farkon shekarun 1970 ƙasar ta yi manyan sauye-sauye: a 1972 aka koma tuƙi a hannun dama, a 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sannan dokar awo da ma'auni ta 1974 ta kafa tsarin mita da lita da kilo. Biyun farko sun zauna daram, na ukun kuwa har yau bai gama zama ba. Tela da yadi da inci yake aiki, turmin atamfa yadi 6 ne, magini yana neman bulo mai inci 9 ko inci 6, siminti kuwa a buhu mai kilo 50 yake zuwa. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai ma'aunan gargajiya da suka girme su duka: kamu da taki da gaba da ɗani, da mudu da tiya da kwano. Yaron da zai yi sana'a a wannan ƙasa dole ya iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ya san inci santimita 2.54 ne, yadi kuwa ya gaza mita da kusan santimita 9. Haɗa ma'auni biyu ba tare da lura ba ya taɓa kayar da manya: a shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da tsarin mita.

Abin farin ciki shi ne gyaran ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ko wutar lantarki, ko intanet. A aji ɗaya, malami zai iya fara darasi da ma'aunin da yara suka zo da shi daga gida. A sa ɗalibai goma su auna tsawon aji da takinsu, kowa ya rubuta abin da ya samu a allo. Lambobin za su bambanta, domin ƙafar dogo ba ɗaya take da ta gajere ba, kuma daga wannan saɓani yaran da kansu za su gane dalilin da ya sa duniya ta amince da ma'auni guda. Daga nan kowane rukuni ya yanki kara ko igiya mai tsawon mita ɗaya, ya raba ta gida goma, ya auna ƙofa da taga da benci. Ƙa'ida ɗaya ta zama dole a kowane aiki: a rubuta kintace kafin a auna, sannan a kwatanta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da ya san ƙima shi ne wanda ya daɗe yana kallon mudu. Ɗalibin da ya yi kintace sau talatin a zango ɗaya, aka nuna masa tazarar da ke tsakanin zatonsa da gaskiya, zai fita da ma'auni a cikin kansa wanda ba a sacewa.

Nauyi da yawan ruwa ma kayan koyar da su suna zube a harabar kowace makaranta. Ledar ruwan sha galibi rabin lita ce. Ɗalibai su yanki kwali su haɗa akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, su shimfiɗa leda a ciki, su juye ruwan leda biyu, su ga ya cika. A nan suka ga lita da idonsu, suka kuma fahimci inda santimita dubu na cikin mazubi ya samo asali. A ɗora wannan ruwa a sikeli, a ga ya kai kilo ɗaya. A kawo mudu uku daga gidaje uku, a cika kowanne da gero, a auna, a rubuta bambancin, sannan a lissafa abin da wannan bambanci zai zama a buhu guda. Yarinyar da ta yi wannan aiki ba za ta sake tsayawa gaban mai awo kamar da ba.

A aji biyu sai a fita fili. A auna filin taron safe, a fitar da kewayensa da faɗinsa, a zana taswirar makaranta a takarda inda santimita ɗaya yake wakiltar mita biyar. A kawo faranti da murfin tukunya da tayar keke, a zagaye kowanne da zare, a raba tsawon zaren da faɗin tsakiyar abin. Kowane rukuni zai samu lamba kusa da 3.14, kuma wannan lamba da ake haddacewa a matsayin 22 bisa 7 za ta tashi daga zama abin tsoro ta koma abin da suka gano da kansu. A gayyato magini daga unguwa ya nuna yadda yake daidaita kusurwar gini da igiya ta hanyar auna uku da huɗu da biyar, sannan malami ya bayyana cewa wannan ita ce ƙa'idar nan ta Pythagoras da ke cikin littafinsu. A gonar makaranta, a shuka masara a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, a lissafa a ga hekta ɗaya za ta ɗauki tushe sama da 53,000.

A aji uku, ɗalibai sun isa su auna abin da hannu ba ya kaiwa. Sanda mai mita ɗaya ta ba da inuwar santimita 60, sandar tuta kuma a daidai lokacin ta ba da inuwar mita 4.8, ke nan tsawonta mita 8 ne, ba tare da kowa ya hau ba. Da irin wannan dabara ta inuwa ce masanin nan Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya a Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A auna kaurin bandir ɗin takarda mai falle 500, a raba, a samu kaurin falle ɗaya, wanda rula ba za ta iya nunawa ba. A rataya dutse a zare mai mita ɗaya, a ƙirga lilonsa da agogo, a ga zuwa da dawowa yana ɗaukar kimanin daƙiƙa biyu. Da damina a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a riƙa auna ruwan sama kowace safiya. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, don haka rufin aji mai mita 8 da mita 7 yana tara lita 1,120 daga ruwan milimita 20, kusan jarka 45 masu lita 25. Ɗalibin da ya yi wannan zai fahimci hasashen damina na hukumar NiMet, ya kuma iya fassara wa mahaifinsa manomi.

A cikin waɗannan ayyuka akwai tarbiyyar da ta fi lissafin kanta daraja. Rukuni biyar za su auna bango ɗaya su samu lambobi biyar da suka ɗan bambanta. Malamin kirki ba zai soke huɗu ya zaɓi ɗaya ba. Zai tambaya me ya jawo bambancin, ko tef ya saki, ko an karkace, ko an karanta daga gefe, sannan a fitar da matsakaici. Yaro yana koyon rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da ake tsammani, yana koyon cewa lambar da aka samu a fili ta fi wadda aka kwafa daga maƙwabci. Ƙasar da ta daɗe tana jayayya a kan alƙaluman ƙidaya da na kasafi tana buƙatar 'yan ƙasa da suka tashi da wannan ɗabi'a.

Malamai suna da uzurori, kuma ba na banza ba ne. Akwai ajujuwan da ɗalibai suka haura 70, darasi minti 40 ne ko ƙasa da haka, manhaja tana da tsawo, jarrabawa kuma tana tafe. Wasu malaman su kansu ba a koya musu ta wannan hanya ba. Amma cunkoso hujja ce ta fita fili, inda za a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai awo da mai rubutu da mai dubawa, ana juya aikin yadda mata ba za su ƙare a riƙe littafi maza suna riƙe tef ba. Lokaci kuwa shugaban makaranta zai iya samar da shi ta hanyar haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Masu cewa wayar hannu ta ɗauke wa mutane wannan wahala sun manta cewa waya lambar da aka ba ta take sarrafawa, kuma wanda bai da kintace ba zai gane ta ba shi amsar banza ba.

Sai dai wannan jarida tana jan hankalin mahukunta game da tarkon da ke gaba, wato mayar da lamarin kwangilar sayen kaya. Tarihi ya isa ishara. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu sun yi tsatsa a cikin akwatunan da suka zo, domin babu ɗakin girka su, babu wuta, babu malamin da ya iya sarrafa su. Abin da darasin awo yake buƙata kaɗan ne: tef ɗin tela mai santimita 150 wanda yake da inci a bayansa, dogon tef na fili, sikelin rataye, kofin awo mai lambobi, agogo da igiya. Duka ana samunsu a kasuwar kowace ƙaramar hukuma. Inda ake buƙatar abin da ya fi haka, hukumar NASENI tana da cibiyoyin ƙera kayan kimiyya a Enugu da Minna. Kayan da aka kulle a ofishin shugaban makaranta don tsoron ɓacewa daidai suke da waɗanda ba a saya ba, saboda haka abin da mai duba makarantu zai nema shi ne alamar an yi amfani da su.

Mabuɗin gyaran yana hannun masu shirya jarrabawa, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Muddin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda NECO da ma'aikatun ilimi na jihohi suke gudanarwa, za a iya cin ta ba tare da taɓa ma'auni ba, to darasin zai ci gaba da zama a kan allo. Ya kamata a ware maki na musamman ga aikin awo a aikace, inda ɗalibi zai auna tsawo, ya auna nauyi, ya auna ruwa a gaban mai jarrabawa, tare da littafin da ya tara ayyukansa na shekara uku. Don kada makin ya zama kyauta da ake rabawa, a riƙa musayar malamai tsakanin makarantu a ranar gwajin. Ita kuma NERDC ta fitar da taƙaitaccen jerin ayyukan da dole kowane ɗalibi ya yi a kowane zango. Wannan ya ƙara zama wajibi ganin manhajar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 ta shigo da sana'o'i irin su ɗinki da haɗa wutar sola da kiwo da noman lambu, waɗanda babu ɗaya a cikinsu da ake yi ba tare da awo ba.

Na biyu shi ne malamai. Hukumar UBEC tana samun kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai da na kayan koyarwa. Horon da ake yi a ɗakin taro, malamai na zaune ana haska musu majigi, ciwon nan ne dai na allo a sabuwar riga. A fitar da su fili, su yi ayyukan da ake so ɗalibansu su yi. Ba daga sifili za a fara ba: shirin SMASE, wanda aka soma a 2006 da tallafin ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, an gina shi ne a kan koyarwa ta hanyar aiki da sarrafa kayan da ke kusa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali suna da rawar takawa, haka nan hukumar NCCE, wadda ya kamata ta tabbatar babu mai fita daga kwalejin ilimi da shaidar koyar da lissafi ko kimiyya bai jagoranci irin wannan darasi ba a lokacin gwajin koyarwa.

Gaskiya ne yawancin ƙananan sakandare na ƙarƙashin jihohi ne, amma wannan ba mafaka ba ce ga Gwamnatin Tarayya. Tana da kwalejojin haɗin kai fiye da 100, ga makarantun Babban Birnin Tarayya daga Abaji zuwa Bwari. A fara daga nan a zangon karatu mai zuwa, jihohi su ga misali. Bugu da ƙari, tsarin mulki ya sanya awo da ma'auni cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, tare da hukumar SON mai cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, za su iya mayar da ranar 20 ga Mayu, Ranar Awo ta Duniya da ake tunawa da yarjejeniyar mita ta 1875, ranar shiga makarantu da ma'aunansu na asali, maimakon taron jawabai a otal.

Su kuma 'yan majalisa da hadimansu, idan suka kai ziyarar sa ido makaranta, bayan ƙirga ajujuwa da kujeru, su ɗauki tef su miƙa wa ɗalibin aji uku da suka zaɓa da kansu, su ce ya auno musu ajin da aka gina. Abin da zai biyo baya zai gaya musu halin da koyarwa take ciki, wataƙila ya gaya musu wani abu game da ginin ma. Iyaye ma'aikata kuma kada su jira hukuma: a bar yaro ya karanta mitar wuta, ya auna labulen da za a ɗinka, ya duba sikeli a wurin sayen gas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan jarida tana kira ga Ministan Ilimi da Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa da su sanya awo a aikace cikin sharuɗɗan kammala ƙaramar sakandare, su faɗi zangon da za a fara, su kuma bayyana wa jama'a ma'aunin da za a auna su da shi idan lokacin ya yi.